Murhun da Na Wanke wa 'Yar Kwalba

Ranar Litinin

Zuwa ga Uwargida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya zaman asibiti, ya ƙafar taki? Ya jikin Auta, ɗinkin ya fara kamewa? Allah ya ƙara sauƙi. A gaida mini surukinmu, a ce ina godiya da ɗawainiya. Ni nan lafiya lau, sai ƙugun nan da kika sani, da kewar surutunki, ko da yake rabinsa nake ji.

Takardar Auta ta iso ni jiya da hantsi a hannun direban motar kasuwa, da hoton jaririyar da ta haifa a ciki. Uwargida, yau ni ne kaka. Na daɗe ina kallon sa'o'ina suna yawo da jikoki a kafaɗa, ina yi musu murmushin ƙarfin hali. Jiya na rama. Babu wanda ban tare da hoton nan ba a layinmu, har mai duba mitar wuta sai da ya gani. Maƙwabcinmu tela ya juya hoton sama da ƙasa ya ce, "Tsoho, ni fa robobi da auduga nake gani, ina yarinyar?" Na ce masa idon da ya kasa zura allura ba zai ga jikata ba. Tunda a kwalba suka sa ta saboda ta zo kafin lokacinta, ni na sa mata 'Yar Kwalba, ku kira ta yadda kuke so.

Da injin niƙa bai cinye mini kunnuwa ba, da yanzu na ishe ku da waya. To ga ranar ajin yamma, wanda kika riƙa yi mini dariya ina tafiya da furfura da littafi a hammata. Ke kuma Auta mai karantawa, ki karanta wa uwarki duka, kada ki tsallake inda na zolaye ta.

Na fahimci abin da kuka rubuta. Likita ya ce huhun jaririyar bai yi ƙwari ba, idan an sallame ta kada ta shaƙi hayaƙi, ko na gawayi ko na risho. Shi ya sa surukinmu yake ganin gara ku zauna can a ɗakinsu da murhun lantarki, maimakon a zo nan gida yadda muka tsara. Ban ga laifinsa ba, 'yarsa ce. Amma kun san an hana ni doguwar tafiya a mota tun da aka taɓa ƙugun nan. Idan ba ta zo ba, ni ba zan je ba, kuma shekaruna ba na jira ba ne.

To ki tuna murhun gas ɗin nan na tsaye, mai kai huɗu da obin na gasa burodi a ƙasa, wanda mai gidan inji ya bar mana lokacin da zai tashi. Ke kika ce ba za ki kwana gida ɗaya da abin da ke huci ba, kika mai da obin ɗin kabad, kika cika shi da kwanuka da ledoji. Shi zan tayar. Gas ba ya hayaƙi. Na yi shekaru ina kwance inji ina ɗaurawa, murhu ba zai gagare ni ba. A faɗa wa surukinmu kada ya yanke shawara tukuna, ya ba tsoho ɗan lokaci.

Ki shafa mini kanta idan suna bari a taɓa. Ki huta lafiya.

Naki,
Tsoho Mai Inji

Ranar Asabar

Uwargida,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya, ke da Auta da 'Yar Kwalba. Na ji an cire mata roba ɗaya kuma ta fara karɓar nono, na yi hamdala har sai da na zauna. Yaya barcinki a kan bencin nan? Ki riƙa miƙe ƙafar.

Aikin murhu ya fi yadda na zata. Da na janyo shi daga jikin bango, abin da na gani a bayansa ba zan rubuta ba, saboda Auta na cin abinci. Ɓeraye sun yi gari a ciki. Sun shiga ta baya, sun yayyage audugar nan da ke jikin bangon obin mai riƙe zafi, sun yi sheƙa, sun haihu, sun tsufa. Kwanukanki na nan lafiya, na jera su a kan gadonki. Ledojin na zubar, ki yi haƙuri, na san tarinsu ya ɗauke ki shekaru.

Na cire ƙarafen ɗora tukunya da marafan kawunan, na jiƙa su a ruwan zafi da sabulu. Ƙananan ramukan da wuta ke fita duk sun toshe, na bi su ɗaya bayan ɗaya da allurar da na aro wurin tela. Cikin obin maiƙon mutanen da suka riga mu ya daskare kamar kwalta. A durƙushe na yi aikin, ƙugu yana zagina ina zaginsa.

Sai na yi ɓarna. Gaban murhun, inda makunnai biyar suke, ya yi baƙi ƙirin. Na sa soson ƙarfe na dirje shi da ƙarfin da na saba dirje inji. Ya yi fes, yana ɗaukar ido. Da na ɗauraye sai na ga babu komai a jiki. 'Yan zanen da ke nuna wane makunni ne na wane kai, da inda ake kashewa, da lambobin zafin obin, duk sun tafi tare da dattin. Na tsaya da soso a hannu kamar wanda aka yi wa sata. Mutumin da ya sha wahala kafin ya iya karatu, shi ne ya goge rubutun da hannunsa.

Na kira Dogo mai gyara. Ya leƙa ya ce, "Baba, wanka ka yi masa ko fiɗa?" Ya canza tiyon, don tsohon ya tsattsage kamar diddige. Ya sa sabon kai a tukunyar gas, ya shafa kumfar sabulu a duk mahaɗa, ya nuna mini cewa inda kumfa ta yi ƙwai, nan ke yoyo. Babu inda ta yi. Wuta ta tashi shuɗiya a kai huɗun. Amma ya ja mini kunne, da ƙarfi don in ji: wannan tsohon yayi ne, ba ya kashe kansa. Idan an murɗa ba a kunna ba, ko iska ta hure wutar, gas zai yi ta fita har tukunya ta ƙare.

Da ya tafi na karɓi jan farce wurin matar tela, na mayar da alamun yadda na tuna su. Ba su yi kyau ba, amma ana gani.

Jiya na kunna obin babu komai a ciki don ya ƙone sauran datti. Ba a jima ba matar tela ta leƙo ta katanga, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce, "Baba, mushe kake gasawa? Yara sun gudu daga tsakar gida." Ni ban ji komai ba. Na ce mata hancin masu turare ne da ita. Dogo ya dawo ya ce fitsarin ɓera ne ya jiƙa audugar, dole a kwance bangon a canza ta duka, kuma sai ya nemo.

Gaskiya jiya zuciyata ta karye. Na zauna a ƙofar kicin ina kallon abin nan a kwance, hanjinsa a waje, na ce anya ba wahalar banza nake yi ba. Gidan ya yi faɗi da yawa. Ina dafa shayi in manta in sha. Abinci ma duk ɗanɗanonsa ɗaya a bakina tun da kika tafi, kada ki ji daɗi ki ce yabo ne. Amma idan na ciro hoton nan sai in tashi in ci gaba.

A gaida kowa da kowa. Allah ya raya mana ita.

Naki,
Tsoho Mai Inji

Ranar Laraba

Uwargida,

Bayan sallama, ina gaishe ku da kyau, ina tambayar jikin masu jiki. Na samu saƙon cewa an fito da ita daga kwalba, tana kwana a ƙirjin uwarta. Allah mun gode maka.

Surukinmu ya zo ranar Lahadi kamar yadda ya alkawarta, na san ya ba ku labari. Ya duƙa ya gaishe ni, ya ƙi zama a kujera. Ya duba kicin, ya buɗe taga, ya kunna makunnai biyar ɗin duka, ya leƙa obin da sabuwar audugarsa. Na gasa masa burodi don ya gani da idonsa. Gefe ɗaya ya ƙone saboda murhun ya karkata, muka murɗa ƙafafunsa tare har ya daidaita. Ya ci ƙonannen ya ce ya yi daɗi, yaron kirki ne. Da zai tafi ya rubuta mini a takarda, don kada ya ɗaga mini murya: Baba, na yarda, za su zo. Na ninke takardar na sa a aljihu.

Yanzu ina roƙon abu ɗaya. Ku ɗan jinkirta tahowar. Kada ku tambaye ni dalili tukuna, kuma kada hankalinki ya tashi, ba faɗuwa na yi ba, ba ƙugun ba ne. Akwai abin da nake son in tabbatar. Gobe zan je asibitin unguwa, tela zai raka ni.

Yau hannuna ba ya son rubutu. Ku huta lafiya.

Naki,
Tsoho Mai Inji

Ranar Talata

Zuwa ga Uwargida, da Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku gaisuwa mai yawa. Ya ƙarfin jikin Auta, ya 'Yar Kwalba, ya haƙuri da ni? Takardarku ta zo, na ga faɗan da kika sa aka rubuta mini, har da inda Auta ta ƙara nata a ƙasa. Kun yi gaskiya, bai kamata in bar ku cikin zullumi ba. Na fara wannan takarda sau da yawa ina yagawa. Auta, ki zauna kafin ki ci gaba, kuma ki ba wani ya riƙe yarinyar.

Washegarin zuwan surukinmu na tashi da farin ciki. Na ɗora butar shayi a kan gaba, na murɗa makunnin da na yi wa alamar kan gaba, na ƙyasta ashana. Bai kama ba. Na sake, bai kama ba. Na ce ashanar ce ta yi sanyi, bari in ɗauko wata a ɗaki, na bar makunnin a murɗe. Da na shiga sai idona ya faɗa kan ɗakin da za ku sauka, na ga labulen ya tsinke a gefe. Na ce bari in gyara. Daga labule na koma share ƙarƙashin gado, daga nan na tsaya ina auna inda gadon yarinya zai zauna don kada hasken taga ya dame ta. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Ƙofar kicin a rufe take saboda ƙuda, taga ma ban buɗe ba.

Ashe alamar da na zana ba daidai take ba. Na musanya biyu. Wanda na murɗa na obin ne. Duk gwajin da aka yi, har ranar da surukinmu ya gwada, duka biyar ake kunnawa a jere, shi ya sa babu wanda ya lura.

Na dawo da sabuwar ashana, na tura ƙofa, na shiga, na zaro tsinke. A daidai nan matar tela ta shigo gidan da kwanon abinci. Ban ji sallamarta ba. Na dai ji an fizgi rigata ta baya har na kusa zama a ƙasa, an ƙwace ashanar daga hannuna. Kwanon ya kife a tsakar gida. Ta ja ni waje, ta koma da mayafi a hanci ta rufe tukunyar gas, ta bankaɗe taga. Da ta fito ta sa bakinta a kunnena ta ce, "Baba, so kake ka tashi da mu duka? Tun daga ƙofar gida ake jin warin." Na ce mata wane wari.

Ta tsaya tana kallona. Sai ta je gida ta dawo da kwalbar turarenta ta kai mini hanci. Babu. Ta kawo kananzir. Babu. Ta yanka albasa, idona ya yi ruwa, hancina bai san an yi ba. Nan ta zauna a bakin rijiya.

Likitan unguwa ya leƙa ya gwada, ya ce jin wari ya tafi, wataƙila ya daɗe da tafiya a hankali ban lura ba. Shekaru ne, da ƙurar gari da na yi rayuwata ina shaƙa. Na tambaye shi magani, ya girgiza kai. Kin ga ashe matar tela ba iyayi take yi ba ranar ɓeraye, kuma ba girkinki kawai bakina ke kewa ba.

Duk da haka ban sare ba, Uwargida. Na ce alama ce ta yi kuskure, a gyara alama. Dogo ya zo ya goge jan farcen ya zana daidai da fenti, ya bi da ni ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji. Matar tela ta ce ba za ta faɗa wa kowa ba, ita ma tana son ta ga yarinyar. Na yi niyyar in yi shiru. Na ce wa kaina ai an gyara, me za a tayar da hankalin mai jego a kai.

Sai ranar Asabar. Na dafa ƙwai da rana, na sauke, na ci, na wanke tukunya. Da la'asar tela ya shigo karɓar allurarsa, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga hanci. Muka shiga. Makunnin baya yana buɗe kaɗan, babu wuta a kai. Allah ya sa taga a buɗe take. Alamar daidai take, fentin Dogo ne. Zan iya rantsuwa na kashe, amma ba zan rantse ba, don ban tuna ba. Ko ban kai shi ƙarshe ba, ko na goga da tsumma ya motsa. Abin da na sani shi ne na wuni ina shiga ina fita, gas yana huci a gefena, kunnena bai ji ba, hancina bai ji ba.

Na san abin da za ku ce, na riga na faɗa wa kaina duka. Za ki ce ke za ki riƙa girki, ni kada in taɓa. Amma kina zuwa kasuwa, kina barcin rana, Auta ba ta da ƙarfi tukuna, kuma jariri ruwan zafi yake nema a kowane lokaci. Kin san hannuna, ba ya ganin ƙarfe ya ƙyale. Ko na ɗaure shi, wata rana za a bar ni ni kaɗai da ita na ɗan lokaci, tiyo ya saki ko iska ta hure wuta, ina zaune ina yi mata wasa ban san komai ba. Surukinmu zai ce bari ya sayi sabon murhu mai kashe kansa. Dogo ya ce akwai, amma ko shi ba ya hana tiyo yoyo, sai mai hanci ya ji. Na lantarki kuma kun san yadda wutar layinmu take, rabin wuni babu. Gawayi an hana. Na juya abin ta kowane gefe. Murhun lafiyarsa ƙalau. Ni ne ba na gyaruwa.

Saboda haka ga maganata, kuma ba fushi ba ne, ba neman lallashi ba ne. Kada ku kawo ta. Ku zauna can inda uban ya ce tun farko, har huhunta ya yi ƙwari, ko wata nawa ne, ko ya wuce haka. Auta, ki nuna wa mijinki wannan takarda da hannunki. Ya yarda da ni a kan abin da ya gani, to ya kamata ya san abin da bai gani ba. Ki ce masa na gode da ya ci ƙonannen burodina.

Uwargida, ke ma kada ki taho saboda ni. Sun fi ni bukatarki. Na sa Dogo ya kwance tukunyar gas ya kai gidan tela, can za a riƙa dafa mini, suna miƙo mini ta katanga. Ruwan shayi ma a fulas suke kawowa. Murhun yana nan a jikin bango, na lulluɓe shi da tsohon zanenki saboda ƙura. Labulen ɗakin na gyara shi, na ja ƙofar.

Kada ku ɗauka murnata ta ragu. Har yanzu idan na farka abin da ke fara zuwa mini shi ne ina da jika, sai daga baya sauran ya biyo. Jiya wani ya tambaye ni yaushe baƙuwar za ta iso, na ce masa tana nan tafe, na shige gida da sauri.

Abu ɗaya nake roƙo. Auta, idan ta yi barci, ki ɗora tafin hannunta a kan farar takarda, ki zagaye shi da biro a hankali, kada ki tashe ta. Ki ba direba ya kawo mini. Hoto ba ya nuna girman mutum. Ina son in ɗora yatsana a ciki in ga inda ya tsaya.

Allah ya raya ta, ya ba ta numfashi mai tsawo. Allah ya ba ku haƙuri da ni. Ku huta lafiya.

Naku har kullum,
Kakan 'Yar Kwalba